Neman shawara: wane irin wasa zan shirya wa yara bakwai a wurin lilo a Abuja?

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. In Allah ya kai mu dogon hutun nan na watan Agusta, maigida zai kai mu Abuja kwana uku wajen ƙanensa, kuma an riga an yi wa yara alkawarin yini guda a wurin lilo na Magicland, washegari kuma Millennium Park. Yaran bakwai ne, nawa huɗu, na abokiyar zamana uku. Babbar shekararta 15, sai mai 13, mai 11, biyu masu 9, mai 7, sai auta mai 5. Manya uku ne za mu bi su, ni da abokiyar zamana da baffansu.

Abin da ke damuna biyu ne. Kuɗin da aka ware ba zai wuce kowane yaro ya hau abu biyar ba, kuma in aka sake su za su cinye biyar ɗin nan kafin Azahar, sauran yinin ya koma roƙo da kuka. Na biyu, manyan da sun gaji sai su duƙufa kan waya, ƙananan kuma tsayuwar layi ke sa su rigima. Na ji ana cewa akwai 'yan gasa da mutum ke ɗora wa kansa a irin wuraren nan don yinin ya yi armashi. Wane iri zan shirya, yaya ake ba da maki, kuma me zan kiyaye? Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla.

Malamin firamare, daga Jega:

Wa alaikumus salam Hajiya. Fara da wannan lissafin, shi zai nuna miki inda wasan ya kamata ya zauna. Yawancin lilo ba ya wuce minti biyu zuwa huɗu yana juyi. Hawa biyar ke nan, a ce minti 20. In kun shiga ƙarfe 11 na safe kun fito 6 na yamma, minti 420 ke nan. To kin ga minti 400 a ƙasa za a yi su: layi, tafiya daga nan zuwa can, zaman inuwa, cin abinci. Saboda haka gasar "wa ya fi hawa da yawa" ba taku ba ce, ita ce ma mai cinye kuɗin. Gasar ido da kunne kike buƙata, wadda ba a biyan ko sisi.

Ki samo farin kwali irin na zanen 'yan makaranta, ki yanka guda bakwai, kowanne girman rabin shafin littafin rubutu. Ki ja layi biyu a tsaye, biyu a kwance, gida tara ke nan. A kowane gida ki sa abu ɗaya da yaro zai nemo da idonsa. Kada ki yi gida ashirin da biyar, yaro ɗan shekara bakwai in ya ga aikin ya yi yawa tun farko zai yar da katin.

Na mai 5 da mai 7 zane za ki yi, ba rubutu ba: jan balan-balan, tutar Najeriya, mai sayar da gugguru, jariri a goye, farin doki a lilon dawaki, kwandon shara, lamba 5 a jikin wani allo. Ki tabbata uku daga cikin taran masu sauƙi ne ƙwarai, waɗanda za su gani cikin minti 15 na farko. Yaron da ya ci gida uku da wuri ba ya sakin wasan.

Na masu 9 da mai 11 ki sa ƙirga da karatu. Kujeru nawa ne a lilo kaza. Ya karanta allon gargaɗi ɗaya ya faɗi ma'anarsa da Hausa. Ya nemo haruffan sunansa a jikin allunan wurin, bi da bi, ba tsallake. Ya ji gaisuwa cikin harshe uku banda Hausa, wannan kuwa a Abuja ba zai yi wuya ba.

Dokar maki gajera ce: gida ɗaya maki ɗaya, wanda ya cike gida uku a jere ƙarin biyu. Sai yaro ya nuna wa alƙali abin da yatsa kafin a sa hannu, in ba haka ba "wallahi na gani" zai yi yawa. Biro ɗaya ne, yana hannun alƙali, kada yaro ya hau lilo da biro ko fensir a aljihu. Kuma katin kowa daban da na ɗan uwansa. In iri ɗaya ne, babba zai riƙa gani da sauri, ƙananan su koma 'yan kwafa, kuma auta ba zai taɓa ci ba.

Akwai wani ƙari mai daɗi da aka san wuraren Disney na Amurka da shi. Masu ginin sun ɓoye siffar kan Mickey, ɓeran nan na katun, wato da'ira babba da ƙanana biyu kamar kunnuwa, a jikin bango da daɓe da ƙarafa, manya da yara suna yini suna farautarta. Ku ma ku zaɓi siffa ɗaya ta gidanku, a ce tauraro, duk wanda ya fara hango shi a ko'ina maki ɗaya. Wannan ba ya ƙarewa, har a jikin rigar mutane ana samu.

Wata uwa, daga Argungu:

Ƙanwata, katin Malam ya yi, amma ki bar bayansa fari, akwai abin da za a rubuta. Kin san yadda ake yi a Matan Fada, kogin da ake gasar kamun kifi ta Argungu, tun 1934: dubban mutane su faɗa ruwa da homa da gora, in an fito ba a tambayar wa ya fi yawan kifi, babban kifi ɗaya ake ɗorawa a sikeli. To ki yi wa ɗiyan nan haka. Daren da za a je, bayan Isha'i, ki zaunar da su kowa ya faɗi babban kifinsa, wato abu ɗaya da ke yi masa wuya wanda yake son ya yi gobe. Ki rubuta a bayan katinsa. Maki biyar ne, ya fi kowane gida nauyi.

Abin lura, kifin kowa daidai ƙarfinsa. Auta, nasa yana iya zama ya miƙa tikiti da hannunsa ya ce na gode. Yarinya mai kunya, ta je da rakiyarki ta tambayi ma'aikaci ina masallaci da Turanci. Mai tsoron bisa, ya hau lilo ɗaya da ya ɗara wanda ya saba, ba mafi girma a wurin ba. Wanda kuwa ba ya tsoron komai, kada ki yarda ya ce kifinsa babban lilo ne, wannan ko ba maki zai hau. Nasa shi ne ya bar ƙanensa ya shiga gabansa a layi sau uku, ko ya kai La'asar bai ɗaga wa kowa murya ba. Wanga shi ne kifin da zai ba shi wahala.

Doka uku ki kafa musu da babbar murya. Yaro ne ke zaɓen kifinsa, ba yayyensa ba. Yana da damar sauyawa sau ɗaya in ya isa wurin ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ba a rage masa komai. Duk wanda ya ce wa wani matsoraci an cire masa maki biyu nan take. Wannan ta ukun kada ki yi mata sassauci. Yaron da gori ya tura shi kan lilo shi ne wanda in abu ya ɗauki gudu zai nemi miƙewa tsaye ko ya zame ta ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da shi.

Mai tsoro ki bar shi ya tsaya ya kalli lilon ya yi zagaye biyu cikakku, ya ga an hau an sauko lafiya. In lilon kwalekwale ne mai kai da komo, a zaunar da shi a tsakiya, kujerun ƙarshe su ke fin tashi sama.

Ma'aikaciyar jinya, daga Yauri:

Hajiya, ni abin da ba a sa wa a gasa zan faɗa miki, don yara da kansu za su ƙirƙiro su in ba ki riga su ba.

Na farko, "wa zai hau mai juyi sau biyu a jere bai yi jiri ba". Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa jiki na juyawa. In lilo ya tsaya, ruwan bai tsaya nan da nan ba, ido na cewa an tsaya, kunne na cewa ana tafiya. Wannan saɓanin shi ke kawo hajijiya da tashin zuciya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 12 sun fi manya saurin kamuwa, wato biyar daga cikin naki. Tsakanin mai juyi da mai juyi a bar aƙalla minti 30. A kan lilon yaro ya jingina kansa da kujera, ya daina waige-waige. In ya sauko fuskarsa ta yi fari-fari, yana gumi mai sanyi, yana yawan hamma ko haɗiyar yawu, to amai na hanya. A zaunar da shi a inuwa, ya kafa ido kan abu ɗaya mai nisa, ya kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Alewar citta tana taimaka wa wasu, ki sa a jaka tare da leda biyu da tawul ƙarami.

Na biyu, sakin hannu, miƙewa, ko leƙa kai waje don a ce an yi jarunta. Na uku, gasar ci ko shan lemon kwalba da sauri. Abinci mai maiƙo kafin lilo ma a guje shi, a ci mai nauyi bayan Azahar, sa'an nan a ba ciki kamar sa'a guda kafin a koma hawa. Wannan sa'ar ita ce lokacin kati.

Sai batun tsawo. Manyan lilo suna da allon awo a bakin layi, da yawansu daga santimita 120 zuwa 140 suke farawa. Ɗan shekara 5 yawanci yana wajen 110, ɗan shekara 7 yana wajen 120. Ki ari tef ɗin tela ki auna su duka a gida, ki rubuta a katin kowa, don kada auta ya zaɓi kifin da ba za a bar shi ya hau ba, ya sha layi a mayar da shi yana kuka. Kuma kada a koya masa ɗage ko a sa masa takalmi mai tudu. An ƙera ƙarfen riƙon ne daidai jikin da ya kai awon, wanda bai kai ba akwai sarari a cinyarsa.

Abin da aka fi mantawa a wajenmu shi ne sutura. Dogon hijabi, gyale da bakin abaya suna iya naɗewa a jikin taya ko ƙarfe mai juyi, musamman a ƙananan motocin tsere masu inji a bayan kujera. 'Yan matan su sa ƙaramin hijabi da za a cusa bakinsa cikin riga, da wando a ƙarƙashi. Mazan su cire hula su ba ki, kuma takalmi mai maɗauri ya fi silifas. Katin nan ma a aljihu zai zauna, kada a rataya shi da zare a wuya.

Gasa ɗaya tak nake so ki ƙara ta fannina: kowa da gorarsa mai rabin lita, ki ja mata layi a tsakiya. Wanda ya kai layin kafin a gama hawa na farko, ya ƙarasa kafin Azahar, maki ɗaya. A sake cikawa, a maimaita zuwa La'asar. Ba tseren sha ba ne, sha a kan lokaci ne.

Ɗalibin injiniya, daga Aliero:

Anti, na mai 15 da mai 13 zan yi magana. Kada ki karɓe wayar, faɗa za a yi. Ki ba ta aiki. A kashe data tun daga ƙofa, batir zai kai yamma kuma ba saƙon da zai ja hankalinsu.

Aiki na farko, hasashen layi. Su auna da agogon waya daga lokacin da lilo ya tashi zuwa lokacin da ya sake tashi, wannan shi ne zagaye ɗaya, har da sauka da hawa a ciki. Su ƙirga kujerun lilon, su ƙirga mutanen da ke gabansu. Mutane a raba da kujeru, a ninka da mintocin zagaye. Misali mutum 48 a gaba, kujera 16, zagaye minti 6: sau uku za a ɗiba kafin a zo kanku, minti 18 ke nan. Kowa ya faɗi hasashensa, har ƙananan, wanda ya fi kusa maki biyu. Inda lissafin ke kuskurewa biyu ne: ana ƙirga iyayen da rakiya kawai suka yi, sai amsa ta fi gaskiya tsawo, ko kuma lilon yana tashi da kujeru babu kowa saboda 'yan gida ɗaya ba sa son rabuwa, sai ta fi gaskiya gajarta. Bayan layi biyu za su gane su gyara. Amfaninsa a gare ki, in lissafi ya haura minti 30 ku bar layin, ku dawo lokacin da jama'a suka tafi cin abinci.

Aiki na biyu, hoto biyar da aka faɗa tun safe. Duka bakwai sun yi tsalle ba ƙafar da ke ƙasa, wannan sai an yi ta ɗauka a jere da sauri sa'an nan a zaɓi ɗaya. Auta yana riƙe da babban lilo a tafin hannunsa: ya tsaya kamar taku uku daga mai ɗauka, lilon yana can nesa a bayansa, mai ɗauka ya durƙusa har su daidaita. Inuwar iyali duka a ƙasa, wannan sai bayan La'asar da inuwa ta yi tsawo. Sauran biyun su ƙirƙiro da kansu. Sharaɗi, ba a fito da waya a kan lilo ko sau ɗaya. Wayar da ta kuɓuce daga sama tana iya fasa kan wanda ke ƙasa. Ko Disney tun 2015 suka hana shiga wurarensu da sandar ɗaukar hoto.

A motocin karo kuma ki juya musu wasan: wanda ya zagaye filin sau ɗaya bai taɓa kowa ba, maki uku. Ya fi karo wuya nesa ba kusa ba, kuma yana rage bugun gaba da gaba mai girgiza wuya. A gaya musu yawancin motocin nan ba su da giyar baya, sitiyari ake murɗawa har ƙarshe sai motar ta ja da baya. Wanda ya maƙale kada ya sauko da ƙafa, sauran motocin na gudu, ya ɗaga hannu ma'aikaci ya zo.

Sai hasashen taku. Da safe kowa ya faɗi taku nawa yake jin za a yi, wayar da ke ƙirga taku ta zauna a aljihun mutum ɗaya har a fito. Babba yana yin wajen taku 1,300 a kilomita guda, ki ba su wannan su yi lissafi da shi.

'Yar kasuwa, daga Kamba:

Yaya, kuɗin fa. Ba a shiga kasuwa a saya a rumfar farko. Da kun shiga, minti 30 na farko ba mai hawa komai, ku zagaye wurin gaba ɗaya, ku karanta allon farashi, kowane yaro ya faɗi ukun da ya fi so a rubuta. Na huɗu a kaɗa ƙuri'a a hau tare, na biyar na bankwana ne. Ki raba su biyu kafin Azahar, ɗaya tsakanin Azahar da La'asar, biyu bayan La'asar. Ki ba kowane yaro murfin kwalba biyar, in zai hau ya miƙa miki ɗaya. Yana ganin abin da ya rage a hannunsa ba sai ya tambaye ki ba, kuma ba ke ce mai hanawa ba, murfi ne ya ƙare.

Ki yi nesa da su daga akwatin nan mai ƙugiya da ke ɗauko 'yar tsana. Da yawansu ana saita ƙarfin kamun ne daga ciki, sai an zuba kuɗi sau da dama kafin ƙugiyar ta riƙe da gaske. Yaro yana ganin saura kaɗan, sai ya yi ta ƙarawa. Ni da zan ce, a ba da maki ga duk wanda ya fito da murfi ɗaya bai kashe ba.

Malamin firamare, daga Jega:

Hajiya, murfin kwalba dabara ce mai kyau, amma makin ajiya ban goyi baya ba. A kowane gida akwai yarinya mai haƙuri da za ta hana kanta hawa don ta ci gasa, ta koma Birnin Kebbi da maki ba ta more komai ba. Alkawarin biyar aka yi, kowa ya hau biyar ɗinsa.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. Saura biyu. Wace kyauta zan ba wanda ya ci, kada abin ya zama kamar caca? Kuma in zan haɗa su biyu-biyu don kada wani ya ɓace, yaya zan raba? Kun san gidan mata biyu.

Malamin Islamiyya, daga Gwandu:

Malama, muddin kyautar daga hannun iyaye ta fito, yaran ba su zuba komai ba, ba caca ba ce. Inda za ki tsaya a kai shi ne kada su fara "in na ci ka ba ni murfinka ɗaya", ko su tara kuɗin alewa wanda ya ci ya kwashe. Wannan ki hana tun a gida.

Kyautar ma ba sai ta kuɗi ba. Wanda ya fi maki ya zaɓi kujerar taga a hanyar komawa, ko ya faɗi abin da za a dafa ranar da aka isa gida. Sauran shidan kowa a naɗa masa sarauta bisa abin da ya fi yi: Sarkin Ido ga mai farautar tauraro, Sarkin Ruwa ga wanda bai tsallake gorarsa ba, Ma'aji ga wanda bai ɓatar da murfi ba. Ki tanadi sunaye bakwai tun kafin a tashi, kada wani ya rasa.

Batun rabo kuwa, kada a raba su ɗaki-ɗaki, ko da wasa. Gasar yini guda tana iya zama zancen shekara. A rubuta sunayen manyan yaran uku, ƙananan uku su zara da ido rufe, auta yana hannun mahaifiyarsa. Bayan Azahar a sake zara, don kada babbar ta yini tana raino, ita ma hutu ta zo. Alƙali baffansu ne, ba ke ba, ba abokiyar zamanki ba, sai ku biyun ku zama masu taya kowane yaro nema. A tara maki sau biyu kawai, bayan sallar Azahar da bayan La'asar, a kan tabarma. In ana faɗin maki kowane minti, wanda ke baya zai karaya da wuri.

Masu ɗaukar hoto kuma a ja musu kunne, ba a ɗaukar matan mutane da 'ya'yansu. In akwai "jariri a goye" a kati, da ido ake nunawa a hankali, ba a matsawa kusa.

Direban motar haya, daga Koko:

Hajiya, wasan ya fara tun daga mota, don hanyar yini ce: Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Tegina, Minna, Suleja. Ku yi sammako bayan Asuba, kada dare ya same ku a hanya. A cikin mota ba kati ba waya, duba rubutu mota na tafiya shi ke tayar da zuciya. Na baki za a yi. Su jero ƙananan hukumomi 21 na Kebbi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya maimaita ya fita. Yawanci Fakai, Sakaba, Ngaski da Shanga ake mantawa, ki riƙe su a ranki. Sai kacici-kacici, "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", "baba na ɗaka gemu na waje", wanda ya kasa ya ba da gari, amma garin da aka riga aka wuce a hanyar, sai su riƙa lura da alluna. In kun doshi Suleja ki fito da tsohuwar takardar naira 100 ki nuna musu Dutsen Zuma a bayanta, wanda ya fara hango na gaske maki biyu.

Abu mafi amfani da za ki koya musu a motar shi ne ƙirga. Kowa da lambarsa, babbar 1, auta 7. Duk lokacin da baffansu ya ce "ƙirga", su faɗi lambobinsu a jere da ƙarfi. In an ji shiru a 4, an san wanda babu cikin daƙiƙa biyar. A yi shi bayan kowane lilo da kowace fita daga banɗaki. Ƙananan su haddace lambar wayarki kamar waƙa, huɗu, uku, huɗu, kuma ki rubuta ta a katin kowa. Da safe ki ɗauki hoton kowanne da kayan da ke jikinsa. Da kun shiga ku nuna musu wuri ɗaya mai tsawo da ake gani daga ko'ina, wanda ya rabu da mutane nan zai tsaya, ko ya je wajen ma'aikaci mai yunifom. Wasan ɓuya kuwa babu shi a wurin nan ko kaɗan.

Millennium Park daban ne, fili ne na ciyawa da itatuwa a Maitama, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe shi a Disamban 2003. Nan ne wurin gasar gudu da aka hana su jiya: langa, tseren lemun tsami a cokali, carafke ga 'yan mata. Akwai rafi da ya ratsa wurin, ku shimfiɗa tabarma nesa da shi, ki nuna itace biyu a matsayin iyaka.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. In ruwan sama ya tsuge fa? Agusta ne.

'Yar kasuwa, daga Kamba:

Ki sa rai zai zo, Yaya, Agusta tsakiyar damina ce a Abuja, kuma da an fara walƙiya ake tsayar da lilon da ke waje. Shi ya sa in ana biyan kowane lilo daban kada ki yanki tikiti 35 gaba ɗaya da safe. Ki sayi 14 na safe, sauran ki saya in lokacinsu ya yi, kuma ki tambaya a ƙofa ko tikitin da ba a hau ba yana aiki washegari. In kin ga hadari ya haɗo da rana, ki jawo na bayan La'asar a hau su da wuri, manyan lilo na waje tukuna, masu rufi a bar su ƙarshe.

In ruwan ya tare ku a rumfa, murafun da suka dawo hannunki sun isa dara, a zana gidajen a bayan kwali. Ƙananan kuma a sa su "turmi ture kura, kura ture turmi" sau biyar ba tuntuɓe, baffansu na riƙe da agogo. Katunan ki zuba su a leda ɗaya tun ɗigon farko, tawadar biro ba ta jure ruwa, kuma makin kowa a jikinsu yake.